Gwarazan ƙwallon Amurka da aka bari a bakin ƙofar Canton

Ranar 25 ga Oktoba, 1964, a filin wasa na Kezar da ke San Francisco, ƙwallo ta suɓuce wa wani ɗan wasan ƙungiyar 49ers. Jim Marshall, ɗan tsaron ƙungiyar Minnesota Vikings, ya sure ta ya zura da gudu. Yadi 66 ya share babu wanda ya taɓa shi. 'Yan ƙungiyarsa suna ta yi masa ihu ya juyo, hayaniyar fili ta hana shi ji. Da ya kai ƙarshen fili sai ya yi wurgi da ƙwallon don murna. Wani ɗan wasan 49ers mai suna Bruce Bosley ya taho ya dafa shi yana yi masa godiya. Ashe gidansu ya kai ƙwallon, ya bai wa abokan hamayya maki biyu a ɓagas.

Yawancin masu kallon NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, abin da suka sani game da Jim Marshall ke nan. Duk lokacin da gidajen talabijin na Amurka suka tashi haɗa jerin abin dariya na wasanni, sai an haska wannan gudu. Ba kasafai ake ƙarasa labarin ba: Vikings ce ta ci wasan 27 da 22, kuma tazarar da ta ba su nasara ta samu ne daga ƙwallon da Marshall ɗin ya fizge a hannun mai jifan 49ers, abokinsa Carl Eller ya ɗauka ya kai gida.

Ga wanda bai saba kallon wasan ba, mutum sha ɗaya ne a kowane ɓangare, ana ɗaukar ƙwallo a hannu kamar zari-ruga, ana kuma jefa ta gaba. Madugun masu kai hari shi ake kira kwatabak. Shi ke karɓar ƙwallo, shi ke karanta yadda abokan hamayya suka jeru, shi ke jifa, kuma shi ake yi wa kirari idan an ci. Aikin irin su Marshall shi ne su ratsa ƙartin da ke kare shi su kayar da shi kafin ya saki ƙwallon. Aiki ne na karo da ƙato a kowane bugu, sau sittin ko saba'in a wasa ɗaya. Ƙungiyar 'yan wasa ta sha faɗin cewa matsakaicin ɗan NFL shekara uku da ɗoriya yake yi a gasar kafin jiki ko koci ya sallame shi. Marshall ya yi kaka ashirin, daga 1960 zuwa 1979. Ya buga wasa 282 a jere bai yi fashin ko ɗaya ba, 270 daga ciki da shi aka fara a Vikings. Kuma ba a ƙarƙashin rufi ba: a wancan zamanin Vikings a fili buɗaɗɗe take wasa, cikin dusar ƙanƙarar Minnesota, ƙarƙashin koci Bud Grant wanda ya hana ajiye na'urar ɗumama jiki a bakin layi. Ya yi ritaya yana dab da cika shekara 42. Ya rasu a watan Yunin 2025 bai shiga Zauren Gwaraza ba.

Zauren nan yana garin Canton a jihar Ohio, garin da aka kafa gasar a 1920, kuma an buɗe shi a 1963. Shiga cikinsa ita ce ƙololuwar daraja ga ɗan wasa: a sassaƙa kansa da tagulla a ajiye, a saka masa kwat mai ruwan zinare. Kwamiti ne na mutum kusan hamsin ke zaɓe, akasarinsu 'yan jaridar wasanni, kuma sai mutum ya samu kashi 80 cikin ɗari na ƙuri'u. Abin da suke dubawa sananne ne: kofi nawa ka ci, sau nawa aka zaɓe ka cikin taurarin shekara, me alƙaluma suka ce.

A nan nake da ja. Alƙaluman nan mutane ne suka zaɓi abin da za a ƙirga da abin da za a bari. Mutane ne kuma suka yanke wa za a bari ya shiga fili, a wane gurbi, a wace shekara. Idan ka hana mutum dama, ko ka ƙi rubuta aikinsa, sannan bayan shekara arba'in ka buɗe littafi ka ce ba ka ga sunansa ba, ka dake shi ne ka hana shi kuka.

Batun Marshall shi ne mafi sauƙi. NFL ba ta fara ƙirga kayar da kwatabak a hukumance ba sai 1982, shekara uku bayan ya ajiye takalmi. Wato a littafin gasar, abin da ya shafe shekara ashirin yana yi sifili ne. Masu bincike da suka koma suka bi tsofaffin takardu da hotunan wasa sun ƙirga masa sama da 130, adadin da ya zarce na mutane da dama da ke cikin zauren. Masu adawa da shigarsa suna cewa sau biyu kacal aka zaɓe shi wasan taurari, a 1968 da 1969, kuma Vikings ta je wasan ƙarshe na Super Bowl sau huɗu ta sha kashi sau huɗu. Gaskiya ne. Amma abokan sahunsa biyu, Alan Page da Carl Eller, da su aka sha wannan kashin, kuma duk suna ciki. Ba zan iya rantsewa a kan abin da ke zuciyar masu zaɓe ba, sai dai ina zargin cewa da wuya su ji sunan Marshall ba su hango shi yana gudu zuwa gidansu ba.

Na Ken Riley ya fi zafi, domin shi alƙaluman ma suna nan a rubuce. A Jami'ar Florida A&M, ɗaya daga jami'o'in baƙaƙen fata, kwatabak ne. Da Cincinnati Bengals ta ɗauke shi a 1969, sai koci Paul Brown ya mayar da shi mai tsaron masu karɓar jifa, gurbin da bai taɓa riƙewa ba. Bai yi gardama ba. Ya yi kaka sha biyar a ƙungiyar, ya cafke jifan abokan hamayya sau 65. Lokacin da ya yi ritaya a 1983 mutum uku ne kawai suka fi shi a tarihin gasar. Duk da haka ko sau ɗaya ba a zaɓe shi wasan taurari na Pro Bowl ba, saboda ba mai surutu ba ne, kuma Cincinnati ba garin da kyamarori ke tururuwa ba ne. Charles Woodson shi ma 65 ya cafke, aka shigar da shi a 2021, shekarar farko da ya cancanta. Riley ya jira shekara talatin da ɗoriya, ya rasu a 2020, sannan aka shigar da shi a 2023. Ɗansa ne ya hau mumbari ya yi jawabi a madadinsa. Ihu bayan hari.

Abin da aka yi wa Riley na sauya gurbi ba shi kaɗai aka yi wa ba, al'ada ce ta wancan zamanin. Masu ƙungiyoyi da kociyoyi sun ɗauka cewa baƙar fata yana da gudu da ƙarfi amma ba shi da kan da zai jagoranci hari, kuma fararen 'yan wasa ba za su karɓi umarninsa ba. Don haka duk hazaƙar da yaro baƙi ya nuna a matsayin kwatabak a jami'a, da ya zo gasar manya sai a tura shi inda ake buƙatar ƙafa.

Marlin Briscoe ya ƙi yarda da hakan ta ruwan sanyi. Denver Broncos ta ɗauke shi a 1968, can a zagaye na 14 na zaɓen sababbin 'yan wasa, da niyyar ya yi tsaron baya. Ya kafa sharaɗi kafin ya sa hannu: a ba shi kwana uku a sansanin atisaye a gwada shi a matsayin mai jifa. Aka ba shi, aka gani, aka kuma mayar da shi baya. Sai kwatabak ɗin ƙungiyar, Steve Tensi, ya karye a kafaɗa, waɗanda aka sa a gurbinsa suka kasa. A ƙarshen Satumba koci Lou Saban ya kira Briscoe ya shiga ana tsaka da wasa da Boston Patriots, mako ɗaya bayan nan kuma aka fara wasa da shi. Shi ne baƙar fata na farko da aka fara wasa da shi a wannan gurbi a gasar ƙwararru ta zamani. Wasa biyar kawai aka fara da shi a kakar, amma ya yi jifa 14 da suka kai ga ci. Don a gane girman abin: John Elway, wanda ake ɗauka a matsayin gwarzon gwarazan Denver, bakwai ya yi a kakarsa ta farko a 1983. Tarihin Briscoe na sabon ɗan wasa a ƙungiyar ya tsaya har 2024 kafin Bo Nix ya karya shi.

Me aka saka masa da shi? Yana gida a Omaha yana ƙarasa karatu ya samu labari ana taron masu jifa na ƙungiyar don shirin sabuwar kaka, ba a gayyace shi ba. Ya nemi a sallame shi, aka sallame shi. Babu ƙungiyar da ta ba shi gurbin kwatabak. Ya tafi Buffalo ya koyi karɓar jifa daga farko, cikin shekara biyu ya zama ɗaya daga cikin mafiya ƙwarewa: a 1970 ya karɓi jifa 57, ya ci yadi fiye da dubu, aka zaɓe shi cikin taurari. Daga nan ya koma Miami Dolphins, da shi aka yi kakar 1972 da ƙungiyar ta ci wasanninta 17 duka, abin da ba a sake yi ba har yau, ya kuma ci Super Bowl biyu. Bayan ritaya ya faɗa shaye-shaye har ya rasa matsuguni, daga baya ya farfaɗo ya koma aikin tarbiyyar yara a Kaliforniya. Ya rasu a Yunin 2022. Wata takwas bayan nan aka buga Super Bowl na farko da ƙungiyoyin biyu duk baƙaƙe ne ke jifa, Patrick Mahomes da Jalen Hurts.

In ka bi alƙaluma, Briscoe bai kai shiga zaure ba, a matsayin mai jifa ko mai karɓa. To amma wa ya gajarta masa alƙaluman? Warren Moon ya sha irin wannan wulaƙanci a 1978, sai shi ya tsallaka Kanada, ya ci kofi biyar a jere da ƙungiyar Edmonton, NFL ta dawo tana zawarcinsa. Ya shiga Canton a 2006, baƙar fata na farko cikin masu jifa. Bambancinsa da Briscoe shekara goma ce da kuma wata ƙasa da ta buɗe masa ƙofa.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Kenny Washington. A farkon gasar akwai baƙaƙe 'yan kaɗan, har Fritz Pollard ya ci kofi da Akron a 1920 ya kuma zama koci a 1921. Daga 1934 zuwa 1945 kuwa babu baƙi ko ɗaya a NFL. Ba a rubuta doka ba, masu ƙungiyoyi ne suka haɗa baki. A daidai wannan tsakanin Washington ya tashe. A Jami'ar UCLA ya buga tare da Jackie Robinson, wanda daga baya ya karya shingen wariyar launin fata a babbar gasar besbol, kuma a 1939 babu ɗan wasan jami'a a duk Amurka da ya kai shi tara yadi ta gudu da jifa. Ya gama karatu ƙofa a rufe. Ya shiga aikin ɗan sanda a Los Angeles, yana kuma buga wa wata ƙaramar ƙungiya mai suna Hollywood Bears a gasar yankin gaɓar yamma, inda ya lalata gwiwoyinsa aka yi ta yi masa tiyata.

Yadda ƙofar ta buɗe ma ba don zuciyar wani attajiri ta yi laushi ba ne. A 1946 ƙungiyar Rams ta tashi daga Cleveland zuwa Los Angeles, tana neman hayar babban filin Coliseum. Filin na gwamnati ne, da harajin kowa aka gina shi. 'Yan jarida baƙaƙe na birnin, a gaba-gaba Halley Harding, suka je gaban hukumar filin suka ce ba za a bai wa ƙungiyar da ke wariya filin jama'a ba. Hukumar ta matsa, Rams ta sa hannu da Washington a watan Maris na 1946, daga baya ta ƙara da abokinsa Woody Strode. A shekarar ce kuma Cleveland Browns, a wata gasa ta daban, ta ɗauki Marion Motley da Bill Willis. Wannan duk kafin Jackie Robinson ya fara buga wa Brooklyn Dodgers wasan besbol a Afrilun 1947.

Washington ya shigo yana shekara 27 zuwa 28 da gwiwoyin tsoho. Duk da haka a 1947 ya yi wani gudu na yadi 92 ya kai ƙwallo gida, kuma a kakar kowace ɗauka tasa ta kai matsakaicin yadi bakwai da ɗoriya. Kaka uku ya iya yi, yana shan duka da gangan bayan an busa usur. Ya rasu a 1971 yana da shekara 52. Yanzu kwatanta. A besbol, tun 1997 aka jingine lamba 42 ta Robinson a dukkan ƙungiyoyi, kuma duk 15 ga Afrilu rana ce ta tunawa da shi. Washington kuwa an haura shekara hamsin da rasuwarsa babu kansa na tagulla a Canton. A 2022 an ba shi da abokansa uku wata lambar yabo ta majagaba, amma lambar yabo daban, shiga zaure daban.

Wa ke ciki? George Preston Marshall, mai ƙungiyar birnin Washington, wanda babu dangantaka tsakaninsa da Jim sai ta suna. Shi ne na ƙarshe da ya ɗauki baƙar fata, sai a 1962, shi ma don gwamnatin Kennedy ta hannun sakataren harkokin cikin gida Stewart Udall ta yi barazanar hana shi sabon filin da aka gina a kan ƙasar gwamnatin tarayya. Shekara ɗaya bayan nan aka saka shi cikin rukunin farko na Zauren Gwaraza. A 2020 an tumɓuke gunkin tunawa da shi da ke gaban tsohon filin ƙungiyar, amma a Canton yana nan. Ba ina kiran a fitar da shi ba ne, ya taka rawa a ginin gasar kuma tarihi ba ya gyaruwa da gogewa. Abin da zamansa ke nunawa shi ne zauren tuntuni yana da ƙofar shiga ga wanda bai tara yadi ko ɗaya ba, wato rukunin masu ba da gudunmawa, inda ake shigar da masu ƙungiyoyi da shugabannin gasa. Idan sauya fasalin gasa shi ne ma'auni a wannan ƙofar, ban ga dalilin da Washington da Briscoe ba za su bi ta nan ba.

Na san abin da za a ce: idan aka buɗe wa kowa, darajar wurin ta zube. Na yarda, kuma akwai sunayen da magoya baya ke ta yi wa kamfe waɗanda ni ba zan zaɓa ba. Amma kwamitin nan ya sha nuna cewa jinkirinsa ba tsantseni ba ne, makanta ce ga wasu irin ayyuka. Jerry Kramer na Green Bay Packers, ƙaton da ya buɗe wa kwatabak Bart Starr hanya a wasan ƙanƙara na ƙarshen Disambar 1967, an saka shi cikin gwarazan shekara hamsin na gasar tun 1969, amma sai 2018 ya shiga, yana da shekara 82. Masu kare mai jifa ba su da alƙaluma, shi ya sa. Sai 2014 aka shigar da Ray Guy, na farko cikin waɗanda aikinsu doka ƙwallo sama ne kawai. Steve Tasker na Buffalo, wanda aka zaɓa cikin taurari sau bakwai saboda bin ƙwallon da aka doka, shekaru aka yi ana ambatonsa ana wucewa. Ga kuma tsawon kaka: wasa 14 ake yi har 1977, aka koma 16, yanzu 17 tun 2021, an kuma sassauta dokoki don jifa ya yawaita. Duk wanda ya jera lambobin 1970 kusa da na yau dole na da su yi masa ƙanƙanta.

Akwai ɗaya da ya shafe mu kai tsaye, kuma shi ba ruwan Canton a cikin mantuwar da aka yi da shi. Christian Okoye haifaffen Enugu ne, ya tafi Jami'ar Azusa Pacific a Kaliforniya a matsayin mai jifan faifai. Da aka ƙi saka shi cikin tawagar Najeriya ta gasar Olamfik ta 1984, sai ya juya ga ƙwallon Amurka yana da shekara 23, bai taɓa bugawa ba. Shekara uku bayan nan Kansas City Chiefs ta ɗauke shi. A 1989 ya ɗauki ƙwallo sau 370 ya ci yadi 1,480, ya fi kowa a gasar. Barry Sanders ne ya bi masa da tazarar yadi goma, kuma a yi adalci, Sanders ya ƙi komawa fili a ƙarshen wasansa na ƙarshe don ya cike giɓin. Ƙato ne mai nauyin sama da kilo 110 da gudun ɗan tsere, masu tsaron baya suna shakkar tarar gabansa.

Ba zan ce Okoye ya cancanci Canton ba. Kaka shida ya yi, rauni ya tsayar da shi bayan 1992, kuma wannan karon babu wanda ya rufe masa ƙofa. Chiefs ta saka shi a nata zauren a 2000, daidai gwargwado ke nan. Amma yau da ake da 'ya'yan Najeriya da dama a NFL, har gasar ta fara zuwa neman matasa a Afirka, inda ta buɗe sansani a Accra a 2022 tare da tsohon ɗan wasan gasar Osi Umenyiora, ya kamata a san wanda ya fara nuna wa kociyoyin Amurka cewa wanda ya taso a nan zai iya koyon wasan da girmansa ya kuma fi 'yan gida. Idan ana lissafin 'yan Najeriya da suka yi fice a wasannin Amurka, ɗan ƙwallon kwando Hakeem Olajuwon ake fara ambata, kuma ya cancanta. Okoye ya zama zakaran masu gudu da ƙwallo shekara biyar kafin Olajuwon ya ci kofinsa na farko da Houston a 1994, amma da wuya ka ji sunansa a shirin wasanni na gidajen rediyonmu.